Ganga a Wuyan Yaro: Makaɗan Soja a Yaƙe-yaƙen Ƙarni na 19

Duk wanda ya duba hotuna da zane-zanen da suka rage daga Yaƙin Basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, zai yi ta cin karo da fuska guda: yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, sanye da kayan soja da suka yi masa yawa, ganga rataye a kafaɗarsa tana taɓa gwiwa. Mawaƙa sun yi masa waƙa, masu zane sun tsayar da shi cikin hayaƙin igwa ko gezau, jaridu kuma sun mai da shi abin kunyata duk namijin da ya ƙi fita yaƙi. A ganina wannan hoto ya ci amanar yaron ta fuska biyu. Ya ɓoye cewa kiɗan soja sana'a ce mai wuya wadda tsarin runduna gaba ɗaya ya rataya a kanta. Ya kuma ɓoye cewa manya ne suka zauna suka yi lissafi, suka ga ya fi musu araha su ɗora wani kaso na wannan aiki a wuyan yara, daga baya suka yi wa lissafin nasu ado da sunan jarumta.

Bari mu fara da abin da ya kai ganga fagen daga. A farkon ƙarnin, sojan ƙasa na Turai da Amurka a sahu suke yaƙi, kafaɗa da kafaɗa, layi biyu ko uku, domin bindigar lokacin ba ta da saiti daga nesa, sai an haɗa ɗaruruwa an saki wuta lokaci guda kafin ta yi ɓarna. Albarushin kuwa baƙi ne mai hayaƙi, da an yi harbi kaɗan sai fili ya turnuƙe, soja ya daina ganin hafsansa. Runduna guda ta sojan ƙasa a Amurka kamfani goma ce, a takarda mutum wajen dubu. To, yaya kanar zai sa mutum dubu su taso tare, ko su tsaya, ko su ja da baya ba tare da sahu ya tarwatse ba, ga igwa tana ruri, ga ihun waɗanda harsashi ya samu? Muryarsa na kusa da shi kaɗai za su ji. Ganga ce ke kai umarnin har ƙarshen layi, kowane umarni da nasa kiɗan, kuma dole kowane soja ya haddace su. Bahaushe ya san wannan tun daga tambarin sarki, wanda ba a buga shi don rawa, in ya yi ƙara gari ya san abin da ake nufi. Abin da rundunonin Turai suka ƙara shi ne rubuta kiɗe-kiɗen a littafi da mai da su doka, har aka ƙayyade cewa kowane kamfani a Amurka yana da makaɗa biyu, galibi mai ganga ɗaya da mai sarewa ɗaya, dukansu a ƙarƙashin wani babban makaɗi da ke horar da su.

Sai dai mafi yawan aikin a sansani ake yin sa, domin soja ya fi daɗewa yana jira a kan yana faɗa, kuma ba kowane farabiti ke da agogo ba. Tun duhun asuba makaɗa ke fara tashi, su taru su tashi sauran. Daga nan akwai kiɗan kiran suna, da na karin kumallo, da na marasa lafiya su je wurin likita, da na masu shara da ɗebo ruwa da itace, da na fareti, da na canjin masu gadi, da na abincin rana, da na sauke tuta da yamma, da na shiga tanti da dare. Akwai kuma kiɗan da ba a wasa da shi, wani dogon gurnani marar yankewa, wanda in aka ji shi ko tsakar dare ne kowa ya rarumi bindiga ya shiga sahu. Yaron da ya buga wannan bisa kuskure ya tayar da hankalin mutum dubu, wanda ya yi barci bai buga ba kuwa yana iya jawo a yanka su a kwance. Gangar kanta katako ce da aka lanƙwasa, an rufe bakinta biyu da fatar maraƙi, igiya ta bi ta sama da ƙasa, da ƴan guntayen fata da ake turawa a jikin igiyar don a ɗaure ta tamau. A kan fatar ƙasa an shimfiɗa zaruruwan hanji, su ke ba ta kaifin sautin da ke ratsa hayaniya. In ruwa ya sauka ko raɓa ta yi yawa, fata ta saki, sauti ya mutu, sai mai ita ya kai ta bakin wuta ya gasa a hankali kada ta fashe. A doguwar tafiya kuwa tana nan tana dukan cinyarsa ta hagu taku bayan taku. Koyonta ma ba na mako guda ba ne. Ana farawa da bugu biyu da hannun hagu, biyu da na dama, a hankali, ana ƙara sauri har bugun ya haɗe ya zama gurnani ɗaya sumul, kuma wannan kaɗai yana cin watanni. A wancan zamani sojan Amurka suna da makarantar wannan aiki a tsibirin Governors da ke bakin birnin Niyok, a 1862 kuma George Bruce da Daniel Emmett suka fitar da littafin koyar da ganga da sarewa wanda ya yi suna ƙwarai.

Akwai wata hujja da ta nuna yadda hukumomi da kansu suke kallon lamarin. Makaɗan soja iri biyu ne, masu ganga da sarewa da begila da ke isar da umarni, da kuma ƴan badujala masu manyan ƙahonnin tagulla da ke kiɗan fareti da nishaɗi. A 1861, da aka shiga yaƙi cikin ɗoki, kusan kowace rundunar sa-kai ta ɓangaren Tarayya, wato Arewa, ta so ta fita da badujalarta, doka kuma ta yarda har mutum 24. Da yaƙi ya ja, baitulmali ya fara jin jiki, sai majalisa a watan Yulin 1862 ta soke badujalar rundunonin sa-kai, ta bar ƙungiya ɗaya ta mutum 16 ga kowace birged. Masu ganga da sarewa na kamfani kuwa ba a taɓa su ba. Ba ina rage wa badujala daraja ba ne. A daren 30 ga Disamba 1862, kafin yaƙin Stones River, ƴan badujalar ɓangarorin biyu sun yi ta mayar wa juna martani da kiɗa daga sansani zuwa sansani, har suka haɗu a kan waƙa guda ta begen gida, sojoji suna amshi ta kowane gefe, kashegari suka kashe juna da dubbai. Abin da zai iya yin haka ga zuciyar mutum ba ƙaramin abu ba ne. Amma da aka zo tsuke bakin aljihu, an nuna wanne ne ake iya haƙura da shi, wanne ne runduna ba ta motsi sai da shi.

To, in aikin yana da wannan nauyi, me ya sa aka ba yara? Amsar farko lissafi ce tsagwaronta. Duk ƙaton da aka rataya wa ganga, sahu ya rasa bindiga ɗaya, makaɗa ashirin a kowace runduna kuwa, in aka tara su a rundunoni ɗaruruwa, dakaru ne masu yawa. Yaron da bai isa ɗaukar bindiga ba yana iya ɗaukar ganga, hannunsa yana saurin koyo, ba ya gardama, albashinsa ma ya ɗan gaza, dala 12 a wata alhali farabiti yana karɓar 13. Shi ya sa dokar sojan Amurka, wadda ta sa shekara 18 ga mai shiga soja, ta bar ƙofa a buɗe ga yara masu koyon kiɗa tun daga shekara 12. Amsa ta biyu talauci ne, shi ke kawo yaran bakin wannan ƙofa. Augustus Meyers, wanda daga baya ya rubuta tarihin shekaru goman da ya yi a soja, ya shiga makarantar Governors a 1854 yana ɗan shekara 12, da yardar mahaifiyarsa wadda mijinta ya rasu. A Birtaniya abin ya fi tsari. An buɗe gidan renon ƴaƴan soja a Chelsea a 1803, akwai irinsa a Dablin tun kafin nan, kuma da yawa daga marayun da suka tashi a waɗannan gidaje bariki suke zarcewa da ganga ko sarewa a hannu. Gidajen gajiyayyu da makarantun horon yara ma sun riƙa tura nasu. Uba ya mutu a yaƙin Birtaniya, ɗa ya gaji gurbinsa tun bai yi gemu ba.

Masu kare wannan al'ada sukan ce ai yaran ba mayaƙa ba ne, ba a ba su bindiga, kuma da wuta ta yi zafi akan janye su baya. Gaskiya ne akan janye su, amma a tambayi ina ake kai su. Da ƙarar harbi ta rufe ta ganga, umarnin da aka saba ba makaɗa shi ne su ajiye kayan kiɗa su je wurin likita. Su ke shiga fili su ɗauko waɗanda aka harba, su ke ɗebo ruwa, su ke danne mutum a kan tebur ana yanke masa ƙafa, su ke kwashe hannuwa da ƙafafun da aka yanke su kai rami. Kafin Jonathan Letterman ya kafa sashen ɗaukar masu rauni na musamman a rundunar Potomac a watan Agustan 1862, makaɗa ne ƙashin bayan wannan aiki, bayan nan ma ba su rabu da shi ba. A sojan Birtaniya akwai ƙarin wani aikin: masu ganga ne ke yi wa soja mai laifi bulala da dorina mai harshe tara, babban makaɗi yana tsaye yana ƙirga, har zuwa 1881 da aka soke hukuncin. Su ne kuma ke kiɗa a bayan wanda aka aske wa kai ana korarsa daga runduna, su ke gaban wanda za a harbe don ya gudu daga yaƙi. Wanda ya kira wannan kariya ga yaro bai tsaya ya hango abin da idon yaron ke gani ba.

Ko batun tsira da rai ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Charley King na rundunar Pennsylvania ta 49 yana ɗan shekara 13 ɓaraguzan harsashin igwa suka same shi a Antietam ranar 17 ga Satumba 1862, ya cika bayan kwana uku. Clarence McKenzie na Brooklyn, ɗan shekara 12, ko abokin gaba bai gani ba, bindigar wani ɗan rundunarsu ce ta tashi bisa kuskure ta kashe shi a Annapolis a watan Yunin 1861. Sannan a cikin mutum sama da 600,000 da wannan yaƙi ya ci, kusan biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, atini da taifot da ciwon huhu da ƙyanda. Ruwan da ke kashe manya a sansani shi yaro ke sha, a tantin da suke tari yake kwana.

Inda abin ya fi damuna shi ne yadda aka sarrafa labarin. John Clem shi ne mafi shahara a cikinsu. An haife shi a Ohio a 1851, ya bi rundunar Michigan ta 22, hafsoshi suna haɗa masa kuɗin wata daga aljihunsu kafin a rubuta sunansa a rajista. A Chickamauga, cikin Satumban 1863, aka ce ya harbi wani kanar na ƴan Kudu da ya nemi ya miƙa wuya, aka ba shi igiyar saje yana ɗan shekara 12, jaridu suka ɗauka. Bai tsaya nan ba, sai aka haɗa sunansa da yaƙin Shiloh, aka ce a can igwa ta farfasa gangarsa, domin a lokacin waƙar da Will S. Hays ya yi kan wani mai ganga da ya mutu a Shiloh tana bakin kowa. Matsalar ita ce an yi yaƙin Shiloh a Afrilun 1862, rundunar Michigan ta 22 kuwa ba a kafa ta ba sai Agustan wannan shekara. Jama'a suna son waƙar ta zama gaskiya, sai aka nemo mata yaro mai rai aka liƙa masa. Haka Turawan Ingila suka yi bayan Zulu sun murƙushe rundunarsu ta 24 a Isandlwana ranar 22 ga Janairu 1879. Shahararren zanen Charles Fripp na wannan rana ya sa ɗan ƙaramin yaro mai ganga a tsakiyar sahun ƙarshe, aka kuma baza labarin cewa Zulu sun azabtar da yaran, labarin da masana tarihi da dama suke tantama a kansa amma ya yi amfani wajen hura wutar ɗaukar fansa. Rajistar rundunar kuwa ta nuna yawancin masu gangarta maza ne baligai. Har yaran baƙar fata da suka tsero daga bauta suka shiga sojan Tarayya daga 1863 ba su tsira daga wannan ba: an ɗauki hoton wani da ake kira Jackson sau biyu, ɗaya cikin tsumma, ɗaya cikin kayan soja da ganga, aka riƙa yaɗawa don jawo hankalin jama'a ga ɗaukar baƙaƙe aikin soja. Manufar mai kyau ce, amma a nan ma yaron hujja ce a hannun manya.

Wani zai ce, in har yawancin masu ganga samari ne da manya, ashe ƙorafin ya rushe. Ni kuwa ina ganin nan ne ya ƙara ƙarfi. Tunda baligai suna yin aikin, kuma suna yin sa da kyau, babu wata larurar yaƙi da ta tilasta a kai ɗan shekara 12 bakin igwa. Zaɓi ne aka yi. Mai zane kuma da ya tsallake makaɗa goma masu gemu ya zaɓi ƙaramin cikinsu, ya san abin da ke taɓa zuciyar mai kallo, ya san mace da ta ga wannan yaro za ta ji nauyin hana mijinta tafiya.

Ba na musun cewa an yi jarumta ta gaske, kuma rashin adalci ne a hana yaran abin da suka cancanta don ana fushi da manya. Willie Johnston na rundunar Vermont ta 3 yana ɗan shekara 11 lokacin yaƙin kwana bakwai a kusa da Richmond, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yulin 1862. A ja da bayan da aka yi zuwa Harrison's Landing, sojoji sun yi ta zubar da kaya don su yi sauri, shi kuwa ya isa da gangarsa, ya buga ta a faretin da aka yi bayan nan. A 1863 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, kuma har yau babu wanda ya karɓe ta da ƙarancin shekaru kamarsa. Orion Howe na rundunar Illinois ta 55, ɗan shekara 14, an harbe shi a ƙafa a Vicksburg ranar 19 ga Mayu 1863, amma ya ja jiki har gaban Janar Sherman ya sanar da shi harsasan mutanensu sun kusa ƙarewa. A lura da irin abin da suka yi. Ɗaya ya riƙe kayan aikinsa lokacin da manya suka yar da nasu, ɗaya ya isar da saƙo. Wannan halin ma'aikaci ne mai amana, kuma shi ya dace a yabe su da shi. Abin lura kuma, tasa lambar Howe sai a 1896 ta iso, shekara 33 bayan raunin.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa ita ce ta zamani. Ana cewa a wancan ƙarni yara suna aiki a masaƙu da ramukan kwal da jiragen ruwa, maraya a titin Landan ko Niyok yunwa ce ke jiransa, soja kuwa ya ba shi tufa da abinci da ɗan karatu da sana'a, don haka kada a auna mutanen da da ma'aunin yau. Akwai gaskiya a ciki, Clem kansa ya zauna a soja har ya yi ritaya a 1915 da muƙamin janar. Amma mutanen wancan zamani da kansu sun riga mu ganin aibin. Iyaye sun cika kotunan Amurka da ƙararraki suna neman a sako musu ƴaƴansu da aka ɗauka ba da izininsu ba, a 1864 kuma majalisa ta sa hukunci a kan hafsan da ya ɗauki wanda bai kai shekara 16 ba yana sane. Ba a kafa doka a kan abin da kowa ya yarda daidai ne. Cewa kuma bariki ta fi titi, abin da ya nuna shi ne al'ummar da ta ƙi ciyar da marayanta sai ta hanyar da za ta more su a yaƙi.

Abin da ya fitar da ganga daga fagen fama ma ba tausayi ba ne, bindiga ce ta canza. Da aka samu bindiga mai zare a cikin bututu da harsashin Minié, wanda ke kisa daga nesa mai yawa, tsayuwa a sahu kafaɗa da kafaɗa ta zama hanyar halaka. Sojoji suka fara bazuwa cikin daji, suna fakewa, suna haƙa ramuka. Ganga ba ta kai sauti ga mutanen da suka warwatsu haka, ga nauyi, ga tsoron ruwa. Begila kuwa da hannu ɗaya ake riƙe ta, muryarta tana tafiya nesa, sojan doki da na igwa sun daɗe da ita. A Harrison's Landing ɗin nan da Willie Johnston ya isa da gangarsa, a cikin watan Yulin 1862, Janar Daniel Butterfield da mai begilarsa Oliver Norton suka gyara busar kashe fitila wadda har yau ake yi a jana'izar sojan Amurka. Kafin yaƙin ya ƙare begila ta karɓe yawancin umarnin fagen daga, ganga ta koma ta sansani da fareti. Yaron kuwa bai koma gida ba, kayan aikin kawai aka sauya masa. A Colenso, ranar 15 ga Disamba 1899, a yaƙin Ingila da Buwa a Afirka ta Kudu, an raunata John Dunne, mai begilar wata rundunar Dablin wanda shekarunsa ba su wuce 15 ba, begilarsa ta ɓace a bakin kogin Tugela. Da aka dawo da shi Ingila jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa, Sarauniya Victoria ta kira shi ta ba shi sabuwar begila a farkon 1900, sojan Birtaniya kuma suka ci gaba da ɗaukar yara ƴan shekara 14 aikin kiɗa har aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya.